Katafila ta kore mu, ruwa ya tarbe mu

Kakana na wajen uba ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar sauke farali, a zamanin da hanyar Makka take ratsa Barno, ta haye kogi a Kusuri ta ƙasar Kamaru, ta shiga Fort-Lamy, sannan ta miƙe gabas zuwa Sudan. A Fort-Lamy, babban birnin Chadi, guzurinsa ya ƙare. Ya ce bari ya taɓa dukanci ya tara na gaba, sai aure ya zo, 'ya'ya suka biyo baya. Allah bai nufa ya ƙarasa ba, bai kuma koma gida ba. Haka Hausawa da yawa suka zama 'yan garin nan tun kafin a sauya masa suna zuwa Injamena a 1973. Ni jikarsa ce. A tsohon gari aka haife ni, a nan na yi wayo, aka kuma aurar da ni a unguwa ɗaya da gidanmu.

Ba zan yi wa tsohuwar unguwarmu kwalliyar da ba ta da ita ba. Lunguna ne matsattsu, gidajen ƙasa manne da juna, kwata tana bin tsakiyar hanya, da damina sai mace ta tattare zani kafin ta wuce. Amma kasuwa tana kusa, famfo yana bakin titi, asibiti da ƙafa ake zuwa. Maigidana tela ne, shagonsa a zauren gidan mahaifinsa yake, ni kuma ina tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Ba mu tara ba, ba mu kuma taɓa kwana da yunwa ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka akan yi wa katanga sabon yaɓe, domin kowa ya ɗauka a nan zai mutu, a nan jikokinsa za su tashi.

A farkon Fabrairun 2008 yaƙi ya shigo har tsakiyar gari. Muka bi ayarin jama'a ta gadar Ngeli zuwa Kusuri, 'yar farina tana jan hannun ƙanenta, ni ina goye da ƙaramin. Da ƙura ta lafa muka dawo muka tarar da gida yana nan, ko harsashi bai taɓa shi ba. Surukata har sadakar waina ta yi. Ba a jima ba sai ga waɗansu mutane da gwangwanin fenti suna bin katanga suna shafa alama, aka ce filin na gwamnati ne, kowa ya kwashe nasa ya nasa. Maigidana ya buɗe adakar mahaifinsa ya fito da tsofaffin takardun haraji da suka yi ja don tsufa, ya kai inda ake kaiwa. Aka duba aka ce masa wannan shaidar biyan kuɗi ce, ba shaidar mallaka ba.

Ranar da katafila ta zo, maza suna kan rufi suna ɓamɓare kwano da gaggawa, kowa yana son ya tsira da ƙofa ko taga ko azara. Muka ɗora keken ɗinki a kan kura, muka ɗaure shi da tsohon zani. Surukata ta zauna a kan turmi a tsakar gida ta ce ba inda za ta. Ɗanta ya durƙusa a gabanta yana cewa, "Inna, don Allah ki tashi, ki rufa mana asiri." Ta ce, "A ɗakin can na haife ka. Ina za ka kai ni?" Bai da amsa. Sai da shi da ƙanensa suka tallafe ta suka fitar da ita. Ɗakin da ta nuna shi ne na farko da ya faɗi, kuma ba ta cika shekara ba bayan haka ta rasu a gidan aro.

Daga baya ƙungiyar Amnesty International ta kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam ta ce fiye da gine-gine 3,700 aka rushe a birnin cikin kusan shekara guda, a unguwanni irin su Gardole da Farsha da Shagwa. Mu ko sisi ba mu samu ba. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne watsewar jama'a. Mai ba ka bashin wake, mai riƙe miki yaro idan za ki unguwa, masu kawo ɗinkin sallah, duk kowa ya kama gabansa.

Muka raɓe a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Kuɗin haya ya tashi a gari, tunda masu nema sun yi yawa. Na sayar da ɗan kunnen zinariyata da kwallayen aurena, shi ma ya haɗa abin da ya rage masa, wani dillali ya kai mu hayin kogi, gunduma ta tara, can bayan Waliya. Da rani ne. Fili shimfiɗe, ƙasa baƙa ta tsattsage, ga iska, ga araha. Aka rubuta mana takarda a gaban bulama, wato mai unguwa, shaidu suka dangwala yatsa. Muna cikin kafa turaku wani tsoho masunci ya tsaya ya dube mu ya ce da Larabci, nan wurin ruwa ne, yana yaro a nan yake kafa koma. Mun ji shi sarai. Kuɗinmu nan ya iya kai mu, gaba da nan ba mu da hali.

Ga wanda bai san yadda lamarin fili yake a Chadi ba: dokokin 1967 sun ce duk ƙasar da ba a yi mata rajista da sunan wani ba ta gwamnati ce. Takardar bulama tana nuna ka biya wani, ba ta hana a tashe ka. Takardar mallaka ta gaskiya sai an bi ofis-ofis, an auna, an biya a kowane mataki, kuma kafin a fara sai wurin ya shiga tsarin gari. Namu bai shiga ba. A takarda, inda muke daji ne.

Maigidana ya rantse ba zai ƙara zuba siminti a ƙasar da za a iya ƙwace masa ba. "Ko buhu ɗaya," in ji shi. Ba shi kaɗai ba, yawancin maƙwabtanmu korarru ne irinmu, ko kuma baƙi daga ƙauye da suka ji labarinmu. Saboda haka kowa ya yi ginin wucin gadi: ɗaki na ɗanyen tubali ba tushe, kwano a danne da duwatsu don a iya ɗagewa cikin sauri, darni na zana. Ƙasar tubalin a gefen gida ake haƙa, ramukan suka zama kududdufai, sauro ya samu gida. Masai rami ne gajere da itace a kai. Rijiya kuwa ba wuya, ka haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, har muna murna da hakan.

Masu wucewa a mota ta kan titi sukan dubi irin unguwarmu su ce ƙazamai ne, ba sa son ci gaba. Na daɗe ina jin zafin maganar nan. Mutumin da ya yi wa katangar ubansa yaɓe shekara da shekaru ba a dare ɗaya ya zama malalaci ba. Tsoro ne ya hana shi gini. Wanda ya taɓa ganin guminsa ya zama ƙura a gaban idonsa ba ya sake binne kuɗi a ƙasa, sai dai ya sayi abin da zai iya ɗorawa a kura. Ga shi kuma abin hannu ya ragu: masu ɗinki sun yi nisa, a farkon 2009 aka hana gawayi a gari, makamashi ya yi tsada har ribar ƙosai ta koma ba ta taka kara ta karya ba.

A daminar 2011 amai da gudawa ta ɓarke. A shekarar fiye da mutum 17,000 suka kamu a faɗin ƙasar. 'Yar farina tana da shekara goma sha uku, ita ce mai ɗebo mana ruwa, ita ce mai kai ƙosai bakin titi. Bayan isha'i ta ce cikinta yana murɗawa. Kafin tsakar dare abin da ke fita daga jikinta fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, ba tsayawa. Idanunta suka faɗa, fatar yatsunta ta yamutse, ƙafafunta suna ɗaurewa tana kuka ba hawaye. An yi ruwa da yamma, lungunmu ya zama taɓo har gwiwa. Babanta ya fita neman mai babur, duk wanda ya samu a bakin titi sai ya ce ba zai iya shiga ba. Mota kuwa ko da rani ba ta da hanyar shiga, domin kowa ya kafa darninsa inda ya ga dama.

A kurar mai ruwa muka kwantar da ita. Maza uku suna turawa, tayar tana nutsewa, su ɗaga, ta sake nutsewa. Ni ina gefe riƙe da fitila da hannunta. Kun san al'adarmu da ɗan fari. Tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". A daren nan, a cikin taɓo, na yi ta kiran sunanta da ƙarfi don kada ta yi barci. Ta buɗe ido ta dube ni da mamaki. Mun isa inda ake kwantar da masu cutar gab da asuba, aka yi ta neman jijiya a sa mata ƙarin ruwa. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kafin hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Ba a ba mu ita mun yi mata wanka a gida ba, saboda cutar tana yaɗuwa ta jikin mamaci. Na fahimci dalilin yanzu. A lokacin ji na yi an ƙwace min ita sau biyu.

Da masu feshin magani suka zo gidanmu, wata ma'aikaciyar lafiya a cikinsu ta tsaya tsakanin masai da rijiya ta auna da ƙafarta. Ta ce min, "Yaya, ya kamata a ce akwai aƙalla mita talatin tsakaninsu." Filinmu gaba ɗaya bai kai haka ba. Ta leƙa ta darni ta nuna min masan maƙwabcinmu, ya ma fi namu kusa da rijiyar. Ta ce da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa har ya haɗe da abin da ke cikin ramukan, duk unguwar tukunya ɗaya take sha. Ta koya min haɗin da ake bai wa mai gudawa tun kafin a kai asibiti: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai. Masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma maganar matar nan ta zauna min a rai: ko da na gyara gidana ni kaɗai, ban tsira ba, tunda ruwan bai san darni ba.

Na yi watanni ba na fita. Kaskon tuya ya yi tsatsa. Maigidana ya daina magana sai ta zama dole, in ya dawo ya zauna a bakin ƙofa har dare. Wadda ta fitar da ni maƙwabciyata ce, 'yar Ngambai daga kudu, Kirista, wadda ta rasa jikanta a makon da na rasa 'yata. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, da Larabcin kasuwa muke magana. Kullum da la'asar sai ta shigo ta zauna tana tsince min wake, ba ta ce min in yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Wata rana ta ce, "'Yar'uwa, damina za ta dawo. Yaranmu da suka rage daga rijiyar nan za su sha?"

Abin da muka iya shi muka fara da shi, wato adashi. Matan layinmu muka haɗu, Hausawa da Larabawa da Barebari da 'yan kudu, kowacce sefa 500 a mako, da sharaɗin duk wadda ta kwasa masai za ta gina: a ɗaure ramin da bulo, a ɗaga bakinsa sama da inda ruwa ke kaiwa, a rufe da daɓen siminti mai murfi. Da kwasata ta zo sai da na tunkari rantsuwar maigidana. Na bari ya ci tuwo, na ce, "Malam, siminti nake so a sayo." Ya ce, "In sun zo da fentinsu fa?" Na ce, "In sun zo sun rushe masai, Malam. Wadda muka binne ba katafila ce ta ɗauke ta ba." Ya tashi ya fita bai ce komai ba, har na ji tsoron na yi masa nauyin baki. Washegari da yamma ya shigo da buhu a kafaɗa, ya ce ya tambayi liman yadda ake kaffara.

Ba lami lafiya abin ya tafi ba. Wata ta kwashi kuɗin ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, kuma wa zai iya zaginta, alhali biki ya matso? Daga nan muka daina bai wa kowa kuɗi a hannu. Uwar adashi da mata biyu su je su sayo siminti da rodi, a sauke a gidan mai rabo, a biya magini kai tsaye. Waɗansu suka yi fushi suka fita. Masu haya kuma suka ce don me za su gina wa mai gida masai, gobe ya kore su? Gaskiyarsu ce. Sai da dattawa suka zauna da masu gidajen aka yarda a riƙa cire kuɗin daga haya, waɗansu suka amince, waɗansu har yau ba su amince ba.

Ruwan sha shi ya jawo maza cikin lamarin. A garin nan akwai masu haƙar rijiyar burtsatse da hannu, suna tura bututu ya wuce ruwan sama-sama ya kai wanda ke can ƙasa, kuma kuɗinsu bai kai na masu injin ba. Aka yi karo-karo a masallaci bayan Juma'a, aka yi a coci ranar Lahadi, wani dattijo ya ba da kusurwar filinsa da ke kan ɗan tudu nesa da masai. Aka kafa famfon tuƙa-tuƙa, aka yi masa daɓe da hanyar da ruwan da ya zube zai bi. Duk jarka ana biyan ɗan abin da ba zai gagari kowa ba, ana ajiyewa don gyara, domin mun ga famfunan da aka yi wa waɗansu unguwanni kyauta sun mutu saboda robar da ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Da damina muna ɗiga ruwan Javel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a randa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna mana. Rijiyoyin gida suka koma na wanki da kwaɓa ƙasa.

Da muka fara zuwa ofisoshi neman a zuba mana ƙasa a hanya, tambayar farko ita ce, ku su wane ne, ku nawa ne? Ba mu da amsa. Sai na sa ɗana, wanda yake makarantar boko a lokacin, ya sayo babban littafi. Muka bi gida-gida: mutum nawa ke kwana a nan, yara nawa, wace shekara aka zo, mai gida ne ko ɗan haya, wace takarda ke hannu, akwai masai ko babu, ina ruwa ya kai a bango bara. Da farko mutane sun ƙi, suna zaton jerin waɗanda za a kora ake haɗawa. Sai da mai unguwa da liman da fasto suka fara rubuta nasu gidajen. Muka ɗauki hoton takardar kowa, ɗana ya zana layukan a bayan littafin. Ranar da muka ajiye shi a kan teburin wani jami'i, ya daɗe yana buɗawa, sannan ya ce mu zauna. A da a tsaye ake sallamarmu.

Hanya ita ta fi komai wuya, domin ƙasa ake nema a hannun wanda bai da ita. Muka ce kowane gida a layin ya ja darninsa baya har mota ta iya wucewa. An yi zage-zage, an yi gaba, 'yan'uwa biyu sun kusa kai wa juna hannu a kan bishiyar darbejiya. Madafina yana kan inda hanyar za ta bi. Na rushe shi da hannuna tun kafin a zo kaina, na koma girki a gindin katanga, saboda na san abin da taɓon layin nan ya ci min. Da mata suka ga haka, da yawansu su suka shawo kan mazajensu. Muka yi gayya muka zuba ɓaraguzan gini da ƙasa. Ba kwalta ba ce, amma ranar da motar haya ta shigo har ƙofar gida ta ɗauki wata mai naƙuda, na shiga ɗaki na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba.

A kan magudanar ruwa ne muka gane iyakarmu. Mun haƙa lambatu, mun kwashe leda, wadda aka hana a birnin a 2010 har ta yi wuyar gani, daga baya ta dawo. Amma Injamena shimfiɗaɗɗen gari ne, ƙasarsa laka ce ba ta shan ruwa. In ka kore shi daga ƙofarka, ƙofar na bayanka ka kai shi. Mutanen layin da ke ƙasa da mu suka zo da dare suka toshe lambatunmu, kuma ban ga laifinsu ba. Fitar da ruwa daga unguwa sai manyan magudanai da wurin tara shi da injinan da za su ɗaga shi su zuba a kogi, wannan kuwa ba aikin adashi ba ne. Ina faɗin haka ne saboda na sha jin masu yabonmu suna cewa ga talakawa sun taimaki kansu, kamar dai shi ke nan an sauke wa hukuma nauyi. Ba a sauke ba.

Ruwa ya shigo mana a 2012, ya sake shigowa a 2020, muka ɗaga kaya muka jira ya janye. Na 2022 daban ne. Gundumarmu tana tsakanin koguna biyu, Shari da Logon, waɗanda suke haɗuwa a nan birnin. Ruwansu daga kudu yake tahowa, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa, shi ya sa sai damina ta wuce a nan, sama ta yi tas, sannan kogi yake cika. A watan Oktoba samari suna kwana a kan shingen ƙasa suna jera buhuna, mu mata muna cika musu. Wani dare muka ji ana buga kwano ana ihu. Kafin in gama tattara yara ruwa ya kai ƙwauri, mai sanyi, yana tafe ba ƙara. Na ɗauki littafin unguwa na naɗe a leda na ɗaura a ka, maigidana ya cire kan keken ɗinki ya bar ƙafafun. A kwalekwale muka fita ta hanyar da muka yi da hannunmu. Ran 19 ga watan shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar, wadda ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar.

A Tukra aka sauke mu, fili ne fetal, kowa ya kafa sanduna ya rataya zani kafin a fara raba tamfol. Sanyin hunturu ya same mu a can. Abin da ya fi damun mata shi ne wurin kewayawa, da yawa sukan ƙi cin abinci da rana don kada su matsu kafin duhu. Da masu agaji suka zo rubuta sunaye aka yi ta turereniya, har da waɗanda ruwa bai taɓa ba. Muka fito da littafinmu. Da shi aka gane tsofaffi biyu na layinmu da ba a gani ba, aka koma da kwalekwale aka same su a kan rufin wani gida. Da shi kuma 'yan haya suka samu shiga cikin rabo, don da farko masu gida kawai ake tambaya.

Da ruwa ya janye muka koma. Ɗakunanmu na ɗanyen tubali sun narke, kwano yana kwance a kan tulin laka. Abin da ya rage a tsaye a layin gaba ɗaya shi ne masan da muka gina da famfo, sai 'yan gidajen da ke da tushen siminti. Maigidana ya zagaya ya dawo ya ce, "Wannan karon da tushe za mu fara, ko da ɗaki ɗaya ne." Muka cika filin da ƙasa, aka ɗaga tushe ya kai gwiwa, aka yi layukan farko da bulon siminti. Ɗaki ɗayan muka iya, na biyun sai bara aka rufa shi. An wanke famfon da magani kafin a ci gaba da sha, kuma a layinmu ba a rasa yaro ko ɗaya da gudawa ba bayan komawar.

Akwai masu cewa tun farko bai kamata mutum ya zauna a wurin nan ba, kuma ba ƙarya suka yi ba, tsohon masuncin ma ya faɗa. Akwai gidajen da suke cikin kwari sosai, ni kaina zan ce a tashe su. Amma a tashe su zuwa ina, kuma ta yaya? Na ga waɗanda aka nuna wa fili can nesa, ba ruwa, ba makaranta, kuɗin mota zuwa kasuwa ya fi abin da za su samo, suka sayar suka dawo bakin kogi. In za a tayar da mutum, a zauna da shi tukuna, a biya shi, a kai ruwa da hanya kafin a kai shi. Inda kuma za a iya gyarawa, a ba mutane takardar da za ta kwantar musu da hankali, a fitar da layuka tare da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muka san inda ruwa ke fara shigowa da inda yake kwana, yana rubuce a littafinmu shekara bayan shekara.

Bayan ambaliyar an gina babban shinge a gundumarmu, a 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don aikin kare Injamena daga ambaliya da gyaran magudanai. A 2024 ruwa ya sake yin ɓarna a duk jihohin ƙasar, ya shafi kusan mutum miliyan biyu, fiye da 500 suka rasu. Mun kwana da kaya a ɗaure, samari suna gadin shingen, kogi bai shigo layinmu ba. Ruwan sama dai ya kwanta mana makonni, tunda har yanzu ba shi da mafita. Takardar fili kuwa muna nan muna bi, a ƙungiyance yanzu, ba ɗaya-ɗaya ba.

Wani abu ya taso da ban zata ba. Da layinmu ya samu hanya da famfo, masu gidaje suka ƙara haya. Waɗansu daga cikin matan da muka yi gayya tare, waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka, sun kasa biya, sun koma can baya inda ya fi kwari. Baƙi ma suna ta sauka a wurin, suna buga ɗanyen tubali, suna haƙa rijiya kusa da masai. Ni da maƙwabciyata muna zuwa can duk Asabar da yamma, ita da ciwon gwiwarta, ni da littafi sabo. Mun fara musu adashi, an gina masai huɗu. Kuɗin famfo ya kai rabi, mai haƙa ya ce zai jira mu zuwa bayan sallah, wurin da za a kafa shi ne har yanzu ba a daidaita ba, domin mai filin da ke kan tudu yana Abeshe, can gabashin ƙasar, sai ya dawo za a zauna da shi.